Sabuwar Ƙafar Likitan Shanu

A daminar 1955 babura biyu ne kaɗai ke bin hanyoyin rugagen da ke kewaye da Lafiya. Ɗaya na malamin jangali ne, mai zuwa ƙirga shanu domin haraji. Ɗayan kuma na Iorfa ne, wani ɗan Tibi ma'aikacin ofishin dabbobi, wanda Fulanin yankin ke kira Likita saboda shi ke yi wa shanunsu allura. Idan aka ji ɗuriyar na farko, garke guda yakan ɓace kamar ƙasa ta tsage ta haɗiye shi. Na biyun kuwa tabarma ake shimfiɗa masa, a dama masa fura, a zauna a yi ta tsokanarsa, don tsakanin Fulani da Tibi akwai wasa tun kaka da kakanni.

Iorfa ya sayi babur ɗinsa ne a hannun wani Baturen mishan da zai koma gida, kuma tun lokacin bai taɓa sake masa tayoyi ba. Sun suɗe sumul kamar bayan ƙwarya. Salansar ma ta fashe, in ya taso daga gidansa a Bukan Sidi sai ka ce wani tsoho ne ke tari a cikin garwa. Shi dai bai ga laifinsu ba, sai wata Lahadi da suna dawowa daga coci, matarsa Sewuese tana baya da sabon zaninta, tayar baya ta hangi ɗan taɓo a kwanar gidansu ta ce ba da ita ba. Suka kwanta a hankali su uku, shi da matar da babur, a gaban matan unguwa.

Sewuese ta zare ƙafarta daga ƙarƙashin babur. Ta tashi ta gaida matan ɗaya bayan ɗaya, kamar dama nan ta yi niyyar sauka, ta shige gida. Sai da ta wanke zanin ta shanya sannan ta yi magana, ta kira shi da sunan 'yarsu Member.

"Baban Member, ko dai ka sake wa abin nan ƙafa, ko ka bar ni in riƙa tafiya da tawa."

Da maganar Sewuese ce kaɗai, da wataƙila ya yi ta jan ƙafa har kaka. To amma a makon ne labari ya iso ofis cewa bushiya, cutar nan mai kwantar da garke ɗungurungum, ta ɓulla a wajen Doma. Aka ce maganin rigakafi na tafe a jirgin ƙasa, cikin fulas mai ƙanƙara, kuma da zarar ƙanƙarar ta narke magani ya zama ruwan banza, sai a jira wani zuwan. Garken da aka ce Iorfa ya fara da shi na wani Bafulatani ne mai suna Wakili, a bayan Shabu, garke mafi girma a yankin, kuma rugar da ya fi jin daɗin sauka. Ba zai ɗora fulas guda ɗaya tal a kan tayar da ta kasa kai shi gida daga coci ba.

Don haka ya je wurin Ɗanmusa, mai gyaran keke a gindin mangwaron bakin tashar jirgi, wanda ya naɗa kansa bakaniken babura tunda babu wanda ya yi masa gardama. Ɗanmusa ya sa wani ma'aikacin jirgi ya taho masa da tayoyi iri biyu daga kantin Makurɗi. Ranar da suka iso ya jingina su a jikin bishiya, ya goge su da gefen rigarsa, ya tsaya a tsakaninsu kamar mai aurar da 'ya'ya. Sewuese ma ta biyo mijinta, don ta ce ita ce ta faɗi, ita ke da bakin magana.

"Wannan ta gari ce, Likita," in ji Ɗanmusa, yana shafa ta farko. "Dubi zanenta, siriri, a karkace, kamar kitson sallah. A kan titi ko motsinta ba ka ji. Uwargida na iya ɗora ƙwai a cinya ku je ku dawo."

"Titi nawa ne a Lafiya?" in ji Iorfa.

"Akwai na gaban ofishin Di'o."

"Shanu ba sa zuwa ofishin Di'o."

"To ga ta daji." Ya mirgino ɗayar, baƙa wuluk, da haƙora manya-manya a jere kamar na kada. "Wannan taɓo ne ke tsoronta. Irinta ce a babur ɗin malamin jangali. Ka taɓa jin ya faɗi?"

"Na dai ji ana yi masa fata."

Sewuese ta ce ta garin ta fi ladabi, ta fi kama da abin da mutum zai je coci a kai. Amma Iorfa ya riga ya sa yatsa a tsakanin haƙoran ta dajin, kuma duk wanda ya ga fuskarsa ya san magana ta ƙare. Ɗanmusa ya ɗaura masa gaba da baya. Da ya gama, don kada a ce bai yi gyara ba, sai ya yanko gwangwanin madara ya naɗe bakin salansar da ta fashe, ya ɗaure da waya. Iorfa ya taka kik, babur ya tashi da wata murya mai taushi da bai taɓa sanin yana da ita ba.

Da la'asar, bayan an yi ruwa an ɗauke, ya ce bari ya ɗan gwada. Gwajin ya kai shi har bayan Shabu. Duk inda da yakan sauka ya tura, yau sai ya wuce a zaune, ƙirji a gaba. Da ya isa mashayar da shanun Wakili ke shan ruwa, ya ga ƙasar wurin lumus, sai yarinta ta motsa masa. Ya yi ta zagaye, ya yi na dama ya yi na hagu, ya sauka ya tsaya yana kallon sawun da ya bari, raɗau kamar an buga hatimi. Ya so ya ƙarasa rugar ya nuna wa Wakili, amma rana ta yi ƙasa, ya ce ai gobe ma yana tafe da magani. Ya juya gida yana fito.

Washegari jirgi ya kawo fulas. Iorfa ya girgiza shi kusa da kunne, ya ji ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ya ɗaure a baya. Ana yayyafi, don haka ya sa rigar ruwa da malfar da hukumar En'e ke raba wa duk ma'aikatanta iri ɗaya, ya kama hanya.

Ya tarar da rugar wayam. Bukkoki na nan, toka da sauran ɗumi a murhu, igiyar ɗaure maruƙa a yashe a ƙasa. In ban da wata kaza da ta kalle shi da ido ɗaya, babu mai rai. Ya yi sallama, ya ƙara, ya kira sunan Wakili. Sai ya ce a ransa lalle labarin bushiya ne ya iso musu suka tsorata, kuma garke irin wannan ba ya ɓoye sawu. Ya bi.

Nan ne sabuwar taya ta nuna kanta. Shanu suka hau tudu, ta hau. Suka gangara fadama, ta gangara ta fito tana watsa laka. Iorfa ya riƙa tarar da kashin shanu yana hayaƙi, alamar yanzu-yanzu suka bar wurin, amma ko jelar saniya bai gani ba. Sau ɗaya ya hangi wata malfa a kan bishiyar ɗorawa can nesa, ya ɗaga hannu, malfar ta sulale ƙasa ta ɓace. Abin da ya fara tsinka masa zuciya shi ne inda sawun ya dosa. Ya yi yamma, sannan ya karkata kudu, wajen Doma ke nan, inda cutar take. Ya ƙara mai, su ma kamar sun ƙara. Da yamma ya iso bakin wani rafi da ya cika ya batse, ga sawun shanu ya shiga ruwa ya fita a wancan gefen. Tayar daji dai ba ta iyo. Ya juya.

A gida ya ajiye fulas a bayan randa, ya sake jiƙa buhun. Da ya girgiza shi, ƙarar ƙanƙarar ta ragu, akwai motsin ruwa a ciki.

"Yaya taya?" in ji Sewuese, tana ajiye masa sakwara.

"Taya ba ta da laifi."

"To shanun ne ba su da kirki."

Bai yi dariya ba, sai ta zauna kusa da shi ta saurari labarin duka. Ta ce maza na iya gudu da shanu har bangon duniya, amma nonon da aka tatsa sai an sayar, gobe matan rugar za su zo kasuwa ko da rarrafe ne. Ya je ya tambaye su.

Haka kuwa aka yi. Da hantsi ya jingina babur a bayan rumfunan kasuwa, ya zaga inda masu nono ke zama. Ga Dada, mahaifiyar Wakili, tsohuwa siririya mai kaifin baki, tana zaune a bayan ƙwaryarta, surukarta Daso na gefe, duk ƙafafunsu laka har gwiwa.

"Likita, sai yau?" in ji Dada. "Kakanninka sun cinye mana shanu, kai kuma ranar da muke nemanka ka ɓuya. Halinku ɗaya."

"Dada, ni ke nemanku. Ina kuka shiga?"

Ta duba hagu da dama, ta rage murya. "Mutumin nan ne. Shekaranjiya da magariba ni da idona na ga sawunsa a mashaya. Kuma ba wucewa ya yi ba, zagaye ya yi ta yi, zagaye, zagaye, irin na mai ƙirge. Alhali jangalin bana mun bayar."

"Duka?"

"Na waɗanda ya gani. Kada ka katse ni. Muka tashi tun asuba. Bawan Allahn nan bai ƙyale mu ba. Mu hau tudu yana baya, mu shiga fadama yana baya. Da can ba shi da wannan naci, in ya ga laka yakan koma. Wakili ya ce ƙila ƙarin girma aka yi masa."

Iorfa ya matso kusa. "Ba wanda ya ga fuskarsa?"

"Wa zai tsaya kallon fuskar malamin jangali? Mun ga ƙafarsa mai haƙora, mun ga rigar ruwa, me ya rage? Da kai ne ai tun daga Shabu za mu ji tarin babur ɗinka, sawunka kuma sumul, kamar an ja maciji a ƙasa."

Ya sosa ƙeya. Sannan ya ce, "Dada, taso in nuna miki wani abu."

Ta bi shi bayan rumfuna. Ta kalli sawun da ya shigo daga titi, ta bi shi da ido har gindin tayar, ta ɗaga kai ta kalli mai tayar. Ta kira Daso da Fulatanci, Daso ta kira sauran, kafin ka ce me mata masu ƙorai sun kewaye babur.

"Kai ne," in ji Dada.

"Ni ne."

"Har fadama."

"Har fadama, Dada."

"Da saniyar da ta haihu mana a kan hanya muna gudu."

"Ban san an haihu ba. Barka."

Daso ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Dada kuwa ko gezau. "Mutum ya sake ƙafa, ya sake murya, ya rufe kansa da rigar ruwa, bai aiko ko da goro ya sanar ba, sannan yana so a gane shi. Da me? Da ƙamshi?"

Iorfa bai tsaya kare kansa ba. Ya gaya mata maganar bushiya, da cewa inda suka dosa can take, ya kwance buhu ya girgiza mata fulas a kunne ta ji abin da ya rage. Fuskar tsohuwar ta canja. Ta ce garken yana hayin rafin nan, kuma Wakili ya ce da rana ta take za su ƙara gaba, su bi hanyar fataken shanu ta Doma.

"To hau mu tafi yanzu," in ji Iorfa.

"A kan wannan ƙafar? Allah ya kiyaye."

"Dada, ƙanƙara ce."

"Na ji ta. Amma in yau na koya wa mutanena cewa ƙafa mai haƙora ta aboki ce, jibi mai ita na gaskiya ya zo su shimfiɗa masa tabarma, su kira masa shanu da sunayensu? Mayar da tsohuwar ƙafarka. Ina take?"

Ya ga gardama da Dada ta fi canjin taya cin lokaci. Suka ɗunguma zuwa bakin tasha, shi yana tura babur a gaba, matan na biye da ƙorai a ka, 'yan kasuwa na tambayar ko amarya za a kai.

Da Ɗanmusa ya ji abin da ake nema, sai ya kalli ƙafafunsa. Kowa ya bi shi da kallo. Yana sanye da sababbin takalman taya, kuma ga wasu a rataye a reshen mangwaro, manya da ƙanana, suna lilo.

"Ai ka ce ka gama da su, Likita."

Daso ta miƙa hannu ta ciro guda ta gwada a ƙafarta, ta ce ba laifi.

Saura tayar gari ke nan. Ɗanmusa, da ya ga kasuwa ta dawo masa da ƙafarta, ya yayyafa ruwa a yashi, ya share da tafin hannu, ya mirgina tayar a kai a hankali kamar mai aikin zane. Matan suka sauke ƙorai suka tsuguna. Wata ta ce ƙayar kifi ce. Daso ta ce a'a, kitso ne, har ta san mai yin irinsa a Shabu. Wata kuma ta ce ita dai ba ta yarda da abin da ya cika kyau haka ba. Dada ta bi zanen da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Akwai mai irinta a ƙasar nan?"

"Ko Di'o ba shi da ita, Dada," in ji Ɗanmusa.

"Ta titi ce," in ji Iorfa, da ƙaramar murya. "A taɓo kayar da mu za ta yi."

Dada ta ce, "Kai ai ka saba. An ba mu labarin ranar Lahadi."

Ɗanmusa ya ce zai karɓi masu haƙoran, dama na malamin jangali sun kusa neman canji. Ya tuɓe su ya ɗaura na gari da saurin da bai taɓa yin aiki da shi ba, don Dada na tsaye a kansa. Da ya gama, ta nuna gwangwanin madarar da sandarta ta ce shi ma a cire. Wannan ya yi wa Ɗanmusa ciwo, ya ce aikin hannu ne, ya ce ko a Makurɗi ba za a yi wanda ya fi shi ba, amma ya warware wayar. Iorfa ya taka, babur ya yi tarinsa na da, matan suka yi guɗa kamar wani ɗan'uwa ne ya dawo daga tafiya.

Dada ta bar wa Daso ƙwaryarta, ta sa Iorfa ya tuɓe rigar ruwa da malfa, ta hau baya ta rungume fulas kamar jinjiri. A kan titin gaban ofishin Di'o tafiyar ta yi daɗi ƙwarai, sai dai titin bai daɗe ba ya ƙare. Daga nan tayar gari ta fara nuna cewa ita ba a haife ta don wannan ba. Ta yi nan, ta yi can. Iorfa ya sauke ƙafafu biyu yana ja a laka don ya tare. A bakin fadama duk da haka suka kwanta. Da ya ɗago a tsorace, ya ga Dada zaune daram a cikin taɓo, hannuwanta biyu a sama, fulas ko ɗigon laka bai taɓa shi ba.

"Tashi," ta ce. "Ni na haifi Wakili a kan hanyar Wamba, wannan ba komai ba ne."

Rafin ya janye cikin dare, ya koma iya gwiwa. Tun kafin su iso tarin babur ya riga su, don haka suka tarar da Wakili tsaye a hayi, sanda a kafaɗa, shanu a bayansa an riga an haɗa su za a tashi. Ya kalli Iorfa da laka ta rufe, ya kalli mahaifiyarsa a bayan babur, ya kasa sanin ta inda zai fara. Dada ba ta ba shi dama ba. Ta sauka ta yi masa jawabi mai tsawo da Fulatanci daga wannan gaɓa zuwa waccan. Iorfa bai tsinci komai a ciki ba sai sunansa, wanda ya fito sau da yawa, kuma daga yadda take nuna shi da baki ya gane cewa a labarin nata, ita ba ta taɓa ganin wani sawu a mashaya ba.

Wakili ya yi dariya har ya dafa sanda. Sannan ya juya ya yi wa shanu kira, suka biyo shi suka ƙetaro ruwa, suka juya wa Doma baya.

Iorfa ya buɗe fulas da addu'a a bakinsa. A saman ruwan sanyi akwai sauran ƙanƙara, ba ta fi goro ba, amma tana nan, kuma kwalaben magani sun yi sanyi ƙalau. Ya haɗa allura. Maza suka riƙa kamo shanu ɗaya bayan ɗaya, shi yana sokawa yana ɗan tsaga kunne don shaida, Wakili na faɗa masa sunan kowace da halinta, da wadda za ta yi harbi. Ba su gama ba sai da inuwa ta yi tsawo. Saniyar ƙarshe ta tashi ta girgiza kunne ta koma kiwo, Iorfa ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu.

Da zai tafi, Wakili ya tara mazan rugar a bayan babur don su koyi sabon sawu. Suka tsuguna suna kallo.

"Zanen nan ya yi siriri, Likita," in ji Wakili. "Yayyafi kaɗan zai share shi. Anya za mu riƙe?"

"Mahaifiyarka ce ta zaɓa."

"To ya yi kyau," in ji Wakili da sauri.

Iorfa ya hau ya taka. Bai yi nisa ba tayar baya ta fara rawarta, ya sauke ƙafafu biyu yana ja, babur na tari, shi yana tangaɗi. Sai ya ji Wakili daga baya yana ɗaga murya yana gaya wa mutanensa da Hausa, don shi ma ya ji:

"Ku manta da zanen. Duk inda kuka ga taya a tsakiya, ga ƙafa biyu a gefe suna ja kamar ana huɗar doya, Likita ne."

Iorfa ya so ya ɗaga musu hannu, amma ya duba hanyar da ke gabansa, ya ga hannun ba shi da sararin barin inda yake.